Kafin Ka Baro Kasuwa da Sabuwar Kwamfuta

  Ina gaida mutanen Rano, garin Autan Bawo. Ina gaida na Rurum, da na Kibiya, da na Bunkure, da duk wanda muryata ta iske a gida, ko a shago, ko a bakin gona.

Yau maganar kwamfuta za mu yi. Malam, kada ka murɗa akwatin ka ce wannan zancen yaran zamani ne. In kana da ɗa ko 'ya a sakandare, maganar taka ce. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Wata rana yaron nan zai durƙusa gabanka ya ce, "Baba, a saya mini kwamfuta." Ranar nan buhunan masara za a ƙirga. Hajiya, wataƙila har da tunkiyarki. Kuɗin da aka samu da gumi bai kamata ya tafi a kan rashin sani ba.

Zan fara da wani labari. Daga nan in faɗi abin da ake nufi da babbar manhaja. Sannan mu shiga kasuwa tare.

Ga labarin. Wani matashi ne daga Kibiya. Ya tara 'yan kuɗinsa, ya kama shago, zai riƙa buga wa mutane takardu da cike musu fom a intanet. Ya hau mota ya shiga birnin Kano. Ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka, sabuwa fil a kwalinta. Ya ga ta fi sauran sauƙin kuɗi, ya yi murna. Mai shagon ya ce masa, "Ba ta da Windo, amma ko'ina za a sa maka." Ya dawo gida. Ya kai wa wani mai gyara. Mai gyaran yana da wani filashi mai tsohuwar Windo da ya yi shekaru yana aiki da shi. Ya soka. Kwamfuta ta ƙi karɓa. Ya kawo wani. Wannan karon ta ce ba ta ga ma'ajiya ba, ga kuwa ma'ajiyar a cikinta. Da ƙyar aka shawo kan wannan. Sai kuma ta ƙi kama intanet, lasifikarta ta yi gum. Yaron ya yanke cewa an cuce shi. Sau biyu yana komawa Kano, kuɗin mota zuwa da dawowa, shago a rufe.

Jama'a, kwamfutar nan lafiyarta ƙalau. Babu abin da ya same ta. An dai haɗa ta da wadda ba sa'arta ba. Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Ku riƙe wannan, za mu sake dawowa kansa.

To, mu zo ga bayani. Kwamfuta abu biyu ce. Akwai gangar jiki, wato abin da hannu ke taɓawa: allo, madannai, batir, da kayan ciki. Akwai kuma manhaja, wato umarnin da ke sa jikin nan aiki. Manhajoji suna da yawa. Akwai ta rubutu, akwai ta zane, akwai ta shiga intanet. Amma a cikinsu akwai uwa. Ita ce ke fara tashi in ka kunna. Ita muke kira babbar manhaja.

Ku dubi tashar mota. Ga motoci, ga direbobi, ga fasinjoji. In babu mai tsara layi, ya ce wannan ce a kan lodi, waccan ta jira, me zai faru? Hayaniya. To babbar manhaja ita ce shugaban tasha. Ita ke raba aiki. Ita ke cewa wannan ya shiga, wancan ya dakata. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, wadda a kasuwa ake ce wa Windo. Akwai macOS ta kamfanin Apple. Akwai ChromeOS ta Google. Akwai Linux. Wayar da ke aljihunka ma tana da tata, galibi Android.

Yanzu ga wurin da nake so ku kasa kunne sosai. A bakin masu gyara za ka ji suna cewa, "Direba ne babu." Ba direban mota suke nufi ba. Tafinta ne. Kowane sashe na cikin kwamfuta da yarensa. Abin da ke kamo intanet yana da nasa. Kyamara tana da nata. Firinta tana da nata. Babbar manhaja ba ta jin waɗannan yaruka sai da tafinta. Wa ke rubuta tafintan? Kamfanin da ya ƙera sashen. Kuma yana rubuta shi ne don manhajar zamaninsa. Windows 7 ta fito a 2009. Ka ɗauko kayan da aka ƙera a 2024 ka ce ta gane su? Mutumin da ya bar gari shekara goma sha biyar, ta ina zai san yaron da aka haifa bana? Abin da ya faru da ɗan Kibiya ke nan. Na'ura sabuwa, manhaja tsohuwa, babu tafinta a tsakani.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke son Windows 7. Ba ta da nauyi. An saba da ita. A kanta da yawa daga cikinmu suka koyi kwamfuta. Amma Microsoft ya janye hannu daga gare ta tun 14 ga Janairu 2020. Manhajar Chrome ta shiga intanet ma ta daina sabunta kanta a kanta tun farkon 2023. Ita kuwa Windows 10, wadda ta fito a 2015, an janye mata hannu ranar 14 ga Oktoba 2025. An dai buɗe wata kafa ga wanda ya yi rajista, ya ci gaba da samun gyaran tsaro har zuwa 13 ga Oktoba 2026.

Me ake nufi da janye hannu? Ba wai kwamfutar za ta mutu a ranar ba. Za ta ci gaba da kunnuwa. Amma ku tuna katangar ƙasa. Kowace shekara kafin damina ana yi mata yaɓe. In an daina, shekarar farko ba za ka ga komai ba. Ta biyu ta fara tsagewa. Ta uku akuya ta samu hanya, ɓarawo ma ya samu. Haka manhaja take. Kullum ɓarayin intanet suna laluben tsaga. Kamfani kuma yana aiko da yaɓe wata-wata. In ya daina, tsagar ta zauna a buɗe.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150. Ta kulle wa mutane bayanansu ta ce sai sun biya fansa. Har asibitocin Birtaniya ta taɓa, aka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin shi ne, wata biyu kafin nan, a Maris, an riga an fitar da maganin. Waɗanda ta kama, galibi waɗanda ba su yi yaɓen ba ne. Kai da kake riƙe da lambar NIN ta mutane, da hotunansu, da sakamakon jarrabawarsu a shagonka, amana ce a hannunka. Kada ka ajiye ta a gidan da babu ƙofa.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan zaɓen babbar manhajar da ta dace da sabuwar kwamfuta. Yanzu sai mu shiga kasuwa.

Ko titin Beirut ka nufa a Kano, ko Farm Centre, kalma ɗaya za ka yi ta ji: "sabuwa ce." To sabuwa iri biyu ce. Akwai sabuwa a kwali. Akwai kuma sabon shigowa, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka aka kawo, wadda muke ce wa 'yar Beljiyam. Ba laifi ba ne sayen ta biyun. Wasu ma sun fi sabbin ƙarko. Amma ka san wadda kake saya.

Windows ɗin da ke ci yanzu ita ce Windows 11. Ta fito 5 ga Oktoba 2021. Tana da sharuɗɗa. Tana son ram aƙalla giga 4. Ram shi ne faifan da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin, in ya yi ƙanƙanta aiki ya cushe. Tana son ma'ajiya aƙalla giga 64, wato rumbun da ake adana komai. Tana son wani abu da ake kira TPM 2.0, ɗan akwatin sirri ne a ciki da ke riƙe makullan tsaro. A ganina giga 4 ɗin nan na shiga ƙofa ne kawai. In da hali, kada ka sauka ƙasa da 8. Kuma ka tambaya ko ana iya ƙarawa, don sabbin na'urori da yawa an like musu ram ɗin a jiki.

Sharaɗi mafi girma shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan ake yi wa mutane rufa-ido. Mai shago zai ce maka, "Core i5 ce, Alhaji." Wannan sunan gida ne, ba shekarun haihuwa ba. Akwai i5 kaka, akwai i5 jika. Ka dubi lambar da ke biye. Ku ɗauko biro. In ka ga i5 sannan 6300, wannan shidan na farko yana nufin zubi na shida. In ka ga 8250, zubi na takwas. In ka ga 1135, zubi na sha ɗaya. Windows 11 tana karɓar na kamfanin Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Na kamfanin AMD kuma daga Ryzen 2000 zuwa sama, amma a tafi-da-gidanka sai daga Ryzen 3000. Zan maimaita. Intel, daga na takwas. AMD, daga Ryzen 2000, a tafi-da-gidanka kuwa daga Ryzen 3000. Ƙasa da haka ba sa'arta ba ce.

Wani zai ce ai akwai dabarar da ake tura ta da ƙarfi. Gaskiya ne, akwai. Za ka ga Windows 11 a kan zubi na shida tana sheƙi a shago. Amma shi kansa Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan gyara ba. Don haka kada ganin Windows 11 a allo ya ishe ka. Dubi lambar.

Akwai kuma ɗaya gefen. Daga ƙarshen 2021, zubi na sha biyu na Intel ya zo da sabon tsari. A cikin ƙwaƙwalwar an sa ma'aikata iri biyu, manya masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin batir. Ku tuna gayya. Majiya ƙarfi su ke riƙe garma, yara su ke kawo ruwa. In sarkin gayya bai san wane ne wane ba, sai ya ba yaro garma, ya aiki ƙato ɗebo ruwa. Windows 11 an tsara ta ta san su. Windows 10 ba ta kai ta iya wannan rabon ba. Wanda ya sayi irin wannan na'ura ya sauke Windows 11 ya mayar da 10 don sabo, ya biya kuɗin doki yana tafiyar jaki.

Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Sabuwar na'ura, sabuwar manhaja.

Yanzu gargaɗi ga masu shagon buga takardu musamman. Tun watan Yuni na 2024 aka fara sayar da wasu sabbin kwamfutoci masu furosesa Snapdragon na kamfanin Qualcomm. Dangin ƙwaƙwalwar waya ce. Batirinsu yana daɗewa ƙwarai, kuma a wurin da wuta ba ta da tabbas wannan abin so ne. Windows 11 ce a kansu, amma nau'in da aka ɗinka musu daban. Manhajoji da yawa suna aiki a kai. Tafintoci kuwa dole sai waɗanda aka rubuta musu. Tsohuwar firintarka tana iya ƙin magana da ita. Haka na'urar ɗaukar zanen yatsa. In sana'arka ta dogara da waɗannan, ka ɗauki firintar ka je da ita kasuwa. Nauyinta bai kai nauyin asara ba. In kuma aikin rajista kake yi wa wata hukuma, ka tambaye su wace babbar manhaja suke buƙata tun kafin ka fitar da ko sisi.

Na Apple kuwa, tun Nuwamba 2020 suka koma furosesa nasu na kansu, suka fara da M1. Suna zuwa da macOS, kuma ba a sauke ta a ɗora Windows kai tsaye kamar yadda ake yi a da. Chromebook kuma za ka gan ta da araha har ka yi mamaki. An yi ta ne don aikin intanet. CorelDRAW da masu zanen kati da kalanda ke ci da ita ba ta hawa kanta.

Sai Linux. Ina so in ɗan tsaya a nan, domin mutanenmu ba su ba ta haƙƙinta ba. Wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Kyauta ce, halak malak, babu kuɗin lasisi. Android ɗin wayarka a kan tushenta aka gina ta. Nau'inta da ya fi shahara shi ne Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, suna fitar da zubi mai dogon zango, su kula da shi shekara biyar. Akwai kuma Linux Mint, mai kama da Windows a fuska. Makarantar da ke da tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi, kada ta zubar da su. Linux za ta tashe su. Ɗalibi zai koyi rubutu da lissafi da LibreOffice, ya shiga intanet, ya saba da madannai kafin ranar JAMB. Kuma ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Amma dokar nan ta hau kanta ita ma. Na'ura sabuwa fil tana son zubin Linux na baya-bayan nan, in ba haka ba tafinta zai yi ƙaranci. Kuma mai cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop, ya zauna a kan Windows.

Mun zo kashi na ƙarshe, abin da za ka yi a cikin shagon kafin ka miƙa kuɗi.

Ka tambaya, da Windows ta zo daga kamfani ko babu? Wasu sabbin ana sayar da su fayau, shi ya sa suke da sauƙi. Wadda ta zo da ita, lasisinta yana dashe a cikin na'urar. Ko an yi mata fomat, wato an share komai an sake zubi, za ta gane lasisinta da zarar ta hau intanet, muddin irin wadda ta zo da ita aka mayar. Saboda haka kada ka bari a sauke maka ta gaskiya a ɗora ta sata. Ta sata sau da yawa tana zuwa da baƙon da ba ka gayyata ba. In zubi za a yi, a sauko da shi daga shafin Microsoft, a kan filashi mai giga 8 ko fiye.

Ka sa a kunna ta a gabanka, a gama saita ta a can cikin birni. Dalili? Windows 11 tana neman intanet tun a kunnawar farko. Zubinta kaɗai ya haura giga 5, ban da gyare-gyaren da za su biyo baya. Mu nan mun san yadda sabis yake yi mana a wasu ƙauyukan, mun san kuɗin data. Abin da zai ɗauki awa ɗaya a shago yana iya cin kwana biyu a gida.

Wannan kuma ku ji shi da kyau. Za ta nemi asusun Microsoft, wato adireshin imel da kalmar sirri. Ka buɗe naka. Kada yaron shago ya sa nasa don sauri. Sabbin zubin Windows 11 sukan kulle ma'ajiya da kansu don tsaro, su ajiye makullin a cikin asusun nan. In wata rana ta nemi makulli, asusun kuma na wani ne da ba ka san inda yake ba, bayananka sun tafi. Asusunka, da sunanka. Ka rubuta kalmar sirrin a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gona.

Sannan ka gwada komai. Intanet ya kama? Sauti ya fito? Kyamara ta nuna fuskarka? Kowace kafar filashi tana aiki? Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sharaɗin garanti.

Abu ɗaya ya rage, kuma yana raina ƙwarai. Windows tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta. Ba saya ake yi ba, kunna shi kawai ake yi. Linux ma tana da shi. Ka ce a kunna maka tun a shagon. Ka zauna ka rubuta ƙasa, ka rubuta ɗaki, ka rubuta ɓawo, ka ga ƙugiyoyin sun fito. Katin ɗaurin aure nawa muka gani an rubuta ɗa ya koma da, ƙasa ta koma kasa? Kai da za ka buga wa mutanen Rano da Kibiya takardunsu, ka buga musu da harshensu daidai. In haruffan nan uku sun fito, sai ka rufe kwalinka ka nufi tasha.

Nan za mu dakata a yau.